Ranar Jefa Hankici

"Silas, ka gama?"

"B-ban gama ba. Akwai kuma awaki uku, ɗaya ma tana da ciki..."

"Awaki! Tun da ka fara kawo gashin tumaki gidan nan zancenka ɗaya ne. Bukka, awaki, rijiya. Ka taɓa buɗe baki sau ɗaya ka ce Dorcas?"

Ya cire hularsa ya hau murza ta. Silas Trew ke nan, mai keken shanu. Shi ma fursuna ne a da, ya gama ɗaurinsa tuni, ya sami ɗan fili a bayan garin Sydney. Ƙato ne da ke cika ƙofa, amma ga i'ina ga kunya, kafin ya haɗa magana ɗaya shayi ya huce. Kuma ina son shi, Allah ya sani ina son shi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Keziah, masoyiyata, n-ni fa..."

"Kai fa me? Jibi ake jefa hankici. In ni kaɗai kake so, kar ma ka wahalar da shanunka!"

Na juya na shige ina share hawaye da gefen zanen aikina.

Dorcas 'yata ce. A cikin jirgin ruwan da ya kwaso mu daga Ingila na haife ta, ubanta kuwa ya rasu tun kafin a yanke mini hukunci. Ƙarshen watan nan take cika shekara huɗu, kuma a gidan saƙar da ake tsare mu, da zarar yaro ya kai haka sai a wuce da shi gidan marayu. Mafita ɗaya gare ni: in sami miji, ya tsaya gaban Madam mai kula da mu, ya kira sunan yarinyar da bakinsa ya ce ya ɗauke ta.

Na tarar da Gwaggo Peg tana kaɗi, Dorcas na zaune a ƙafarta tana tsince mata ulu. Peg ta fi kowa daɗewa a gidan, haƙoranta uku amma bakinta ya fi reza.

"To, amarya, an yi faɗa da angon awaki?"

"Don Allah Gwaggo ki ƙyale ni."

"In ƙyale ki? Ke da hankici ya kawo ki ƙarshen duniya, yanzu kuma hankici ne zai fitar da ke! Wallahi ko a mafarki ban taɓa ganin irin wannan ba."

Duk matan suka kwashe da dariya, har ni sai da na murmusa. Gaskiya ta faɗa. Hankicin siliki ne ya faɗo daga aljihun wani mai kuɗi a kasuwar Bristol, na sunkuya na ɗauka, alƙali ya ce shekara bakwai. Tun ranar na rantse ko na zinariya na gani a ƙasa tsallakewa zan yi. Dorcas ma da wannan gargaɗin ta tashi.

"Amma tsaya," in ji Peg, ta rage murya. "Kin tabbata ba ya son yarinyar? Wancan makon na ga ya ba ta zuma a ganye."

"Zuma ba riƙo ba ce, Gwaggo. Sunanta ma ya ƙi faɗa."

Ranar ta zo da rana mai zafi, don a ƙasar nan Disamba lokacin zafi ne. Aka jera mu a tsakar gida, kowa ta wanke fuska ta gyara hula. Al'adar kowa ya san ta: namiji ya bi layi, wadda ta yi masa ya jefa hankici a gabanta. In ta ɗauka an gama magana, in ta ƙi ya ƙara gaba.

Wani manomi mai tumbi ya fara, ya jefa wa wata 'yar ƙasar Ayalan, ta cafe tun bai taɓa ƙasa ba. Aka yi shewa.

Sai ga Silas, ya sha wanka har da taje gemu. Dorcas ta ƙanƙame zanena. Ya tsaya a gabana, ya saki hankicin...

Iskar kogi kuwa ta ce ba ta san zance ba. Ta sure shi, ta yi sama da shi, ta dire shi daidai kan ƙafar Gwaggo Peg!

Tsakar gida ta kaure. Har wani tsuntsun ƙasar nan mai kuka kamar ƙyaƙyata dariya da ke kan bishiya sai da ya taya mu.

"Shiru!" in ji Madam, ita ma tana danne tata. "Peg, a gabanki ya faɗi. Al'ada ta ba ki."

Dariyar ta ɗauke. Kowa ya san in Peg ta ɗauka, yau ta bar gidan da ya cinye mata shekaru. Ta dubi hankicin, ta dubi ƙofa, ta fara sunkuyawa a hankali. Na damƙe hannun Dorcas.

"Wash! Wayyo bayana!" Ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Madam, ni sunkuyo ya gagare ni. Maza biyu na binne, ba zan ƙare da mai awaki ba."

Ta sa ƙafa ta shuro shi har gabana. Ta kau da kai da sauri, amma na ga idonta ya cika.

Ban sunkuya ba. Zuciyata tana cewa ɗauki, hannun Dorcas yana cikin nawa.

"Silas, ni ba ni kaɗai ba ce."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan mitsitsin hankici, bai fi tafin hannu ba, ɗinkin bakinsa a karkace, zaren ya yi cunkus. Ya durƙusa ya shimfiɗa shi a gaban Dorcas, ya sami dutse ya danne don kar iska ta sake yi masa. A lokacin na lura da yatsunsa, duk allura ta sossoke su.

"K-kullum ina so in faɗa," ya ce yana kallon ƙasa. "Sunan ne yake m-maƙale mini a wuya. Ina tsoron in yi ta ja, yarinya ta ɗauka w-wasa nake da sunanta."

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata da watanni ina zarginsa, ashe harshe ne ya ci amanarsa.

"Malam Trew," in ji Madam, "ɗinki ba ya wadatarwa. Wace yarinya ka ɗauka? Sai na ji sunanta."

Ya miƙe. Gumi ya karyo masa.

"D... D-d..."

Na waiga, sai na ga duk matan layin bakinsu na motsi, suna taya shi ba sauti. Gwaggo Peg har ta dunƙule hannu.

"D-d... Dorcas!" Ya faɗa da ƙarfin da sai da shanunsa suka amsa daga waje. "Dorcas! Na ɗauke ta, 'yata ce!"

Guɗa ta tashi. Ni kuwa kuka nake ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Dorcas ta ja ni. Idonta na kan ɗan hankicin, amma ta ɓoye hannayenta a baya.

"Mama, in na ɗauka alƙali zai kama ni?"

Na durƙusa na rungume ta.

"A'a, 'yar lelena. Wannan naki ne, babanki ne ya ɗinka miki."

"Ke ma za ki ɗauki naki?"

Na dubi Silas, ya tsaya yana murza hula kamar kullum.

"Zan ɗauka," na ce. "Ko shekara nawa za a yanke mini a kansa."

Muka sunkuya tare.