Auren Nifras Mawaƙi

A shagon turaren Malam Bukari da ke unguwar Abbasiya a Alƙahira Nifras ya fara ganin Lubna, 'yar mai shagon. Ya faɗo ciki ne yana gudun 'yan matan da suka biyo shi neman hoto. Ita ba ta san shi ba. Ta tambaye shi da Larabci me zai saya, ya nuna kwalbar humrar da ta fi kusa da shi.

Nifras ɗan Tamil ne, Musulmi, daga Sri Lanka. Yana shekara tara yaƙi ya koro su daga garinsu na bakin teku. Mahaifiyarsa ta rasu a hanya, mahaifinsa ya kawo shi Alƙahira, ya yi aikin kuku a unguwar Ma'adi har shi ma Allah ya karɓi abinsa. Da waya Nifras ya fara waƙa, yana cakuɗa yarensu da Larabcin Masar. Kafin shekara uku, duk tasin da ka shiga muryarsa za ka ji. Mutane na kuka da waƙoƙinsa, shi kuwa tafi da zagi duk ɗaya ne a wurinsa.

Ya dinga komawa shagon, turare ya taru a ɗakinsa bai buɗe ko ɗaya ba. Da ya ɗauke ƙafa, Lubna ta rubuto masa:

"Baƙona, lafiya? Yau kwana huɗu."

Ya amsa: "Kanmani, wato ƙwayar ido a yarenmu. Haka zan riƙa kiranki. Amma ki sani, zuciyata ta daɗe da sandarewa. Na dai lura idan ina wurinki ba na duba agogo."

Suna haka sai sabon bidiyonsa ya fito, yana riƙe da hannun wata mawaƙiya mai suna Hadeel. Lubna ta daina amsa saƙo, shi ma bai sake turawa ba. Sai bayan mako biyu ya zo shagon, ya ce mata aiki ne kawai. Ta ce ta sani, abin da ya yi mata ciwo shi ne bai neme ta ba.

"Ban iya neman mutum ba," in ji shi. "Duk wanda ya tafi, ban taɓa ganin ya dawo ba."

"To ga ni," ta ce.

Malam Bukari, mahaifinta, mutumin Damagaram ne, kuma ya so ta auri Gidaɗo, ɗan amininsa mai karatun fiƙihu. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mawaƙin da ba a san asalinsa ba, wanda ba shi da ƙasa sai katin gudun hijira. Ya kira Nifras don ya faɗa masa baki da baki. Ya tambaye shi wa zai nema masa auren, ya ce babu kowa. Ya tambaye shi inda aka binne mahaifiyarsa.

"Ban sani ba, Baba. Gefen hanya ne, akwai itacen kwakwa. Aka ce mu ci gaba da tafiya."

Ya faɗa ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Malam Bukari ya daɗe yana dubansa, ya sallame shi bai furta abin da ya shirya ba. Ya tambayi Lubna, ta ce Nifras take so. Bayan wata guda ya roƙi abokinsa Alhaji Jibrin ya tsaya wa Nifras a matsayin uba.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Nifras yana ta gaisawa da mutane, yana jiran farin cikin da ake faɗa, bai zo ba. A mota, a hanyar Ma'adi, ya gaya wa amaryarsa gaskiya, cewa bai ji komai ba.

"Ma'alish, ba komai, baƙona," ta ce. "Ba sauri muke ba."

Ya kama hannunta, bai saki ba har suka isa gida. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.