Kilomita Goma da Ƙafar Roba

Malamar ɗinki ta rubuta sunanta a takardar masu gudun kilomita goma.

Ta ajiye biron a kan teburin ɗakin ƙera ƙafafun roba, ta ɗaga ido ta dubi maƙerin. Shi ya ƙera mata tata shekara biyu da suka wuce, bayan hatsarin mota ya raba ta da ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Tun ranar awo na uku ya fara kiranta Barewa.

"Barewata, kilomita goma fa!"

"Na iya karatu, Maƙeri."

"Dungun zai yi miki ciwo."

"Yara goma sha ɗaya ne ke jiran ƙafa a wurinka. Masu tallafa mini za su biya ne a kan kowace kilomita da na gama. In na zauna, su ma sun zauna."

Ya murza ƙusa a yatsunsa.

"Don yaran ne kawai?"

Ta kawar da kai...

Dukansu sun san amsar. Inna, mahaifiyarsa, ta hana aurensu. A gaban dangi ta ce, "Mace mai ƙafa ɗaya? Ita za ta kula da kai, ko kai za ka kula da ita?" 'Yar ƙanwarta take so ya aura, wata mai shagon turare.

Wata uku suna atisaye. Kullum da sassafe kafin ta buɗe shago, ita tana gudu, shi yana binta a keke da jakar kayan aikinsa.

Ana gobe gudu ya karɓi ƙafar ya ce zai duba ta. Ya ga fatar da ke cikin kwarminta, inda dungun ke shiga, ta tsufa ta yi baƙi. Zuciyarsa ba ta yarda ba. Ya ɓamɓare ta, ya liƙa sabuwa mai laushi, mafi tsada a ɗakin. Shi da kullum yake gargaɗin mutane cewa sabuwar fata awa ɗaya ake fara sa ta a rana.

Da safe tana zura dungun ta ji bambanci. Ta dubi fuskarsa, ta ga yana ta murmushi yana jiran yabo.

"Ta yi daɗi, masoyi," ta ce.

Mai turare kuwa ta ɗauko Inna a mota, ta tsaya a gindin hawan da ke kilomita ta takwas.

"Zo ki gani da idonki, Inna. A nan za ta zube, duniya na kallo."

A kilomita ta shida dungun ya fara zafi kamar an ɗora garwashi. A ta bakwai ta ji danshi a safarta. A gindin hawan ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta zauna a bakin titi, taku kaɗan daga motar.

Maƙeri ya yar da keken. Ya zare ƙafar, ya ga jini.

"Wayyo ni! Ni na yi miki... da hannuna!"

"Na sani tun safe."

"Kika yi shiru?"

"Kana ta murna. Ya zan yi da kai?"

Hawaye ya zubo masa. Ya kasa ko buɗe jakar.

Mai turare ta kwashe da dariya. "Kin gani ko, Inna? Wannan ce za ta riƙe miki gida?"

Inna ta buɗe mota ta fito. Ba ta taɓa ganin dungun ba sai yau. Ta tsaya tana kallonsa, ta dubi sabuwar fatar, sannan ta dubi ɗanta.

"Kai ka sa mata wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Sakarai! Ko ni da ban je makaranta ba, na san ba a doguwar tafiya da sabon takalmi." Ta juya ga malamar. "Ke kuma da wannan ciwon kika taho duk tsawon hanyar nan?"

"Saura biyu, Inna."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"E, da shi na taho."

Inna ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta yage gefen mayafinta ta naɗe dungun da kyau. Maƙeri ya fizge sabuwar fatar ya cusa auduga, suka mayar da ƙafar.

Malamar ta miƙe. Inna ta kama gwiwar hannunta.

"Inna, in kika riƙe ni ba za a lissafa mini ba."

Tsohuwar ta saki. Ta haɗa hannuwanta a baya, ta bi gefenta.

"To mu je. In kika faɗi, ki faɗo ta nan."

Mai turare ta yi ta danna hon tana kiran Inna. Ba wanda ya waiwaya.

Malamar ce ta ƙarshe. Har an fara naɗe igiyar ƙarshe, masu shirya gudun suka hango su, suka sake ja mata ita. Ta tsinka ta da ƙirjinta, ta faɗa jikin Inna tana kuka.

A rumfar masu ba da agaji, Inna ta ɗora dungun a cinyarta tana wankewa da ruwan ɗumi.

"Sannu, 'yata. Sannu."

Maƙeri ya tsugunna a gabansu.

"Inna, kawo in yi. Aikina ne."

"Na ga aikinka yau. Tashi ka je wurin kawunka, ka ce na ce ya shirya, jibi za su je gidansu neman aure."

Ya dubi Barewa. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Na gode, Inna..." ya ce. "To bari in ɗaure mata tukuna."

Ya miƙo hannu. Inna ta buge shi.

"A'a. Ba zan ba ka ba."