Likkafar Hagu

"Ba zan ɗinka ba."

Auta ta ture sirdin gefe, ta ɓoye basilla a bayanta kamar za a ƙwace mata. A shagon dukancin babanta suke, ba kowa sai su biyu da warin fata.

"Haba Autata..." Ɗan Barga ya ce. "Yatsa uku kawai za ki rage wa igiyar likkafar hagu. Gobe za a gwada mu a kan doki. In ƙafata ta zauna daidai, ba hafsan da zai gane."

"Wato ni zan ɗinka maka hanyar tafiya yaƙi da hannuna?"

Ya yi murmushin nan nasa mai kashe mata baki.

Haka aka haife shi, ƙafar hagu ba ta kai ta dama ba. A ƙasa ɗingishi yake, amma ya hau doki, sai dai ka ba shi hanya. Tun yana yaro yake wanke dawakin mutane, yana kawo linzami gyara, har gyaran ya koma hira.

Baba ne ya ɓata lamarin. Ranar da aka zo masa da maganarsu, ko ɗago kai bai yi ba.

"Mai kwashe kashin doki? Me zai tsare mata da ƙafa ɗaya da rabi?"

Ɗan gwaggonta kuwa, wanda ya daɗe yana sa ran Auta, shi ya ƙara wa wutar itace. A gaban jama'a ya ce maza sun tafi sa-kai, an bar guragu gadin mata. Washegari Ɗan Barga ya je ya ba da sunansa a rundunar dawakai.

"Ni ban ce ka zama jarumi ba," Auta ta ce. "A yadda kake nake son ka."

"Na sani, masoyiya. Amma ina so Baba ya kalle ni sau ɗaya ba tare da ya fara duba ƙafata ba."

Wannan maganar ce ta karya ta.

Ta jawo sirdin. Ta auna, ta yanke, ta ninka zare, tana ja tana share hawaye da bayan hannu. Ɗinkin da ta yi ranar, wallahi ko Baba sai ya jinjina.

Ya ci gwaji. Ya tafi.

Daga nan rayuwarta ta koma sauraro. Ko dokin mai amalanke ya wuce, sai ta leƙa. Yayarta har tsokanarta take:

"Ke Auta, wuyanki zai ƙage. Wannan jaki ne."

Ta yi dariya, amma kewarsa ta hana ta ci, ta hana ta sukuni. Tana son sa, tana jin haushinsa, duk a lokaci guda.

Damina na ƙarewa labari ya iso. Ɗan Barga ya rasu a bakin wani kogi.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba ɗan gwaggon ya shigo, fuska a marairaice, baki kuwa da dafi.

"An ce likkafarsa ce ta tsinke ya faɗo, dawakai suka bi ta kansa. Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya yi ɗinkin."

Daga ranar Auta ba ta ƙara taɓa basilla ba. Sai ta zauna tana kallon hannuwanta.

Ni na kashe shi? Zaren ne bai ja ba?

Rannan da hantsi wani soja ya shigo shagon da tarin sirada na gyara, hannunsa ɗaya a naɗe. Tun daga nesa ta gane ɗinkinta a jikin ɗaya daga cikinsu.

"Malam..." ta ce da ƙyar. "Mai wannan sirdin. Faɗowa ya yi?"

Sojan ya dube ta da mamaki.

"Shi? Wa ya gaya miki? Mu ne muka zube a ruwa, ya dawo yana kwashe mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ma shi ya tsamo ni. A komawar ƙarshe harsashi ya same shi. Dokin ya kawo mana shi a kife a wuyansa, ƙafafunsa na cikin likkafa."

Baba ya ɗauki igiyar, ya ja da ƙarfinsa, ya juya ta. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Na zalunci yaron nan, Auta," ya ce. "Ki yafe mini. Ɗinkinki bai ci amanarsa ba."

Ta karɓi igiyar ta rungume a ƙirjinta. Ta zaci za ta ji sanyi, sai kuka ya ƙwace mata.

"Shi ne abin da ke ci na, Baba. Da na yi masa ɗinkin banza, da tun ranar gwaji ya faɗo. Da yanzu yana nan bakin ƙofa yana ɗingishi, kana hararar sa."