Sista Keziah Ta Ce A Dakata

Ranar da Japhet ya fara ganin Keziah, idanunta kaɗai ya gani, takunkumi ya rufe sauran fuskar. Shi ƙaramin likita ne ɗan Dabai, ya biyo maigidansa Dokta Lawwali Zuru aikin tiyatar ƙashin baya na tsawon wata guda a asibitinsu. Ita kuwa nas ce a ɗakin tiyata.

An kwantar da wani manomi rub-da-ciki, allurar barci ta kama shi, Dokta Lawwali ya miƙa hannu a ba shi wuƙa.

"A dakata, ranka ya daɗe," in ji Keziah. "Sunan da ke kan hoton ƙashin nan ba na wannan majinyacin ba ne."

Aka duba, ashe hoton wani ne daban. Da an yanka, lafiyayyar gaɓa za a buɗe. Japhet ne kuwa ya rataya hoton.

Kunya ta kama shi, amma mamaki ya fi yawa. An taɓa aiko wa masu tiyatar baya na ƙasashe da dama wata takardar tambayoyi, har da cewa ko ƙaramin ma'aikaci yana iya tsayar da babba. Ya amsa da "e", alhali bai taɓa gani da idonsa ba sai ran nan.

Da yamma ya tarar da ita a bakin asibiti tana jiran ɗan kabu-kabu.

"Sista, ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji mana, sosai ma."

"To me ya sa kika yi magana?"

Ta yi murmushi. "Tambaya ɗaya a rana, Dokta. Ka ajiye wannan sai gobe."

Ya zo gobe, ya zo jibi, har aka kai ga saƙon waya.

"Malamata, yau sau uku na karanta sunan majinyaci. Maki nawa?"

"Shida cikin goma, Sarkin Tambaya. Ka ci abinci kuwa?"

Sai Joyce, abokiyar aikinta, ta ja ta gefe. "Ke, lallaɓa ki yake yi kada sunansa ya shiga rahoto."

Maganar ta soki Keziah. Kwana uku ba ta amsa saƙonsa ba. A rana ta huɗu, a taron ma'aikata, Japhet ya miƙe ya karanta rahoton da ya rubuta da hannunsa, sunansa a layin farko. Daga nan ya wuce gadon manomin ya gaya masa komai. Kafin ta isa gida saƙo ya shigo:

"Ban nemi ki rufa mini asiri ba, Malamata. Ke nake nema."

Keziah ta amince da shi. Saura mahaifinta. Baba Markus tsohon soja ne, da sanda yake tafiya tun wata tiyatar baya da aka yi masa shekara goma sha biyu da suka wuce, ba kuma wanda ya taɓa gaya masa abin da ya faru.

"Likita ba zai aure mini 'ya ba," ya ce. "Bakinsu ɗaya, rufa wa juna suke yi."

Duk da haka Japhet ya je, ya durƙusa a gabansa.

"Ka taɓa yin kuskure?" Baba ya tambaya.

"Na yi, Baba. 'Yarka ce ta kama ni." Ya kwashe labarin duka ya gaya masa.

Tsohon ya shiga ɗaki, ya fito da tsofaffin hotunan bayansa daga akwatin ƙarfe.

"Duba mini. Kada ka yi mini kara."

Japhet ya ɗaga su sama wajen hasken rana, ya nuna masa inda ƙusar da aka sa masa a tiyatar ta goce ta taɓa jijiya. Abin da bai sani ba kuma ya ce bai sani ba. Baba Markus ya share ido da bayan hannu.

"A zamaninmu shekara bakwai saurayi ke golmo, wato noman neman aure, a gonar suruki. Kai yini ɗaya ya ishe ka, kada mu ɓata hannun tiyata."

Yinin nan ɗaya sai da tafin Japhet ya yi bororo. Keziah ta ɗaure masa tana dariya har da hawaye.

Bayan girbin dawa aka ɗaura auren a coci, Dokta Lawwali na zaune a sahun gaba. Baba Markus ya jingine sandarsa, ya ɗora hannuwansa biyu a kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yana. Allah ya sa in goya jikokina, ko da a zaune ne."

Coci ta ɗauka da amin.