Mazaunin Kabad Mai Gilashi

Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, duhu ya fara taruwa a kusurwoyin falo, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Mai Agogo na zaune a kujerarsa yana kallon kabad ɗinsa mai gilashi, kamar yadda ya saba kowace yamma tun da aka kawo shi. Can sai ya gyara zama. Agogunan aljihu da ya jera a hawan ƙasa suna fuskantar falo duk sun juya baya. Ya shafa aljihunsa, mabuɗin kabad ɗin na nan.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin idonsa ya raunana ya rufe shago. Abin da ya dawo da shi gida shi ne tsofaffin agoguna, da kwalaben turare, da kofunan tangaran da ya daɗe yana tarawa. Wata uku ya yi yana yawon neman inda zai ajiye su. An nuna masa kabad iri-iri ya ƙi. Wani sabo ne aka shafe shi da baƙin fenti don ya yi kama da tsoho, wani kuma gara ta cinye bayansa. Yakan bi gaɓar katako da yatsa ya ji ko ƙusa aka buga, ya kalli gilashin ta gefe, don tsohon gilashi yana da 'yan kumfa a ciki, kuma yana lanƙwasa haske kamar ruwa.

A ƙuryar sito na wani dillalin tsofaffin kaya ya sami wannan kabad ɗin, an juya fuskarsa ga bango. Dillalin bai ja ciniki ba ko kaɗan. Sai da ake ɗaure kabad ɗin a mota ya ce, yana kallon wani wuri, "Hawan ƙasan nan ka bar shi ba komai a kai, katakon ya yi rauni." Mai Agogo ya danna katakon da tafin hannu, ya ji shi kamar ƙarfe. Ya ɗauka surutun dillalai ne.

A wannan yammar, ya kira matarsa ya nuna mata agogunan da suka juya baya.

"Ni da ko goge shi ka hana ni?" in ji ta. "Baban Auta, tun da katakon nan ya shigo, mu ma sai mun nemi izini muke numfashi a falon nan."

Bai yi dariya ba. Mutum huɗu ne a gidan: shi, da ita, da 'yarsu Auta mai koyon aikin jinya, da ƙaninsa direba da ke kwana a ɗakin bakin ƙofa tun da ruwan sama ya rusa masa ɗaki. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har aka gama cin abinci.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ta sauka a kan kwanon rufi, ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wata. Mai Agogo ya fita da sauri yana zargin maƙwabcin da suka taɓa sa-in-sa kan magudanar ruwa, ya tarar gidan a kulle, layin babu kowa. Da ya dawo, tsakuwa uku na kwance a tsakiyar falo, alhali tagogi a rufe suke. Ya ɗauki ɗaya, ya ji ta da ɗumi.

A rana ta huɗu agogon azurfa na mahaifin Mai Agogo ya ɓace daga cikin kabad. Nan take Mai Agogo ya tuna ƙaninsa ya taɓa cewa agogon gadonsu ne su biyu. Ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ina ka sa aka yanko maka mabuɗi?"

"Yaya, ni?"

"Jifan ma na gane. Kana so in tsorata in daina ƙirga kayana."

Direban bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa ya fita, Auta na bin sa tana cewa, "Baffa, don Allah ka tsaya."

Jifa bai tsaya ba. Kwana biyu bayan haka, da rana ta faɗi, suka tarar da Auta tsaye a gaban kabad, goshinta manne da gilashin. Uwarta ta taɓa kafaɗarta. Yarinyar ta juyo a hankali, ta yi magana da wata murya mai kauri, irin ta tsohon da ya daɗe bai yi magana ba.

"Ku kwashe mini kayanku."

Uwar ta yi salati ta zube ƙasa.

Kashegari da yamma ta kawo wani Malam, dattijo mara yawan magana, wanda mutanen unguwa ke kira idan irin wannan ta faru. Ya zauna a kan tabarma, ya sa uwar ta riƙe 'yarta, ya fara karatu a hankali. Haske na ta janyewa daga taga. Agogunan cikin kabad suka tsaya cak, falon ya yi shiru irin wanda Mai Agogo bai taɓa ji ba a gidansa. Auta ta sandare.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mazaunin hawan ƙasa. Shekara saba'in ina ciki. Tsohuwar da ta mallaki kabad ɗin ta san da ni, ba ta taɓa ɗora ko allura a wurina ba. Wannan ya zo ya cika mini ɗaki da ƙarafa masu kas-kas dare da rana."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba inda zan kwanta, na shiga inda na samu. Ya kwashe kayansa, in koma, mu zauna lafiya."

"Gidan nan na mutane ne. Ba za ka zauna ba."

"To a bar mini yarinyar."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Auta ta yi ƙara, jikinta na rawa, muryar ta koma roƙo. Mazaunin ya nemi a ba shi wata guda, Malam ya ƙi. Ya nemi kwana uku, ya ƙi. A ƙarshe ya ce zai fita yanzu, in dai za a kai kabad ɗin bayan gari inda ba kowa, a bar ƙofarsa a buɗe.

Malam ya dubi Mai Agogo. Shi kuma ya dubi kabad ɗin da ya sha wahalar nema, ya dubi 'yarsa da gumi ya jiƙe.

"A kai," in ji shi. Sai bakinsa ya suɓuce. "Ina agogon babanmu?"

Muryar ta yi wata dariya ƙasa-ƙasa. "Jifa nawa ne. Juya agogo nawa ne. Wanda ya ɓace kuwa, tambayi mutanen gidanka."

Gilashin ƙofar kabad ya tsage daga sama har ƙasa. Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji."

Da Malam zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa. "Kada ka riƙe maganarsa. Suna faɗin gaskiya, suna faɗin ƙarya, kuma ba sa fita sai sun bar abin da zai ci gida a bayansu."

Da safe aka kwashe kayan, aka ɗora kabad a mota aka kai shi wani tsohon ramin fasa dutse. Mai Agogo ya laluba kowane lungu na kabad ɗin kafin ya bar shi. Babu agogon. Ya dawo gida ya sami kansa yana kallon hannun matarsa tana zuba shayi, yana kallon jakar makarantar Auta da ke rataye. Matar ta ɗago, ta gane irin kallon, ta ajiye butar. Kunya ta rufe shi. Ya ɗauki hularsa ya fita.

A tasha ya sami ƙaninsa yana wanke mota, idonsa ya faɗa, da alama a cikinta yake kwana.

"Ka ga agogon ke nan," in ji direban, bai juyo ba.

"Ban gan shi ba."

"To me ya kawo ka?"

"Ban gan shi ba, kuma na daina nema. Na zalunce ka. Ka yafe mini, ka dawo gida."

Direban ya ci gaba da goge gilashin motar har ya kai ƙarshensa. Ya matse tsumman, ya watsar da ruwan bokiti. Sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba.

"Shiga, Yaya," in ji shi. "Rana ta yi zafi."