Lambar da Ta Rabu

Safiyanu, kai ka koya wa ƙanenka Suma'ila lambobin da ba sa rabuwa. Da wuri ya bar karatun lakwal, don haka da gyaɗa ka nuna masa: bakwai, sha ɗaya, sha uku, duk yadda aka jera su layi-layi sai an sami saura. Har kana tsokanarsa da Ɗan Saura. Aikinka ke nan, ordinatarka, kwamfutar nan, tana zubo irinsu kana gwada zuciyar injin da su. Ka ce, "Ranar da mai rabuwa ta fito a cikinsu, wani abu ya shiga zuciyar."

Ka kunna gwajin, ka hau moto zuwa Takieta. Gawarka aka dawo da ita.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ce, "Suma'ila, je ka kashe abin nan. Kukansa na hana ni salla."

Ana kiran magariba ya tura ƙofar ɗakinka. Ƙamshin turarenka, a ƙarƙashinsa warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wayar wutar ordinatar na yashe ba a jone ba, tuni Kawu ya kwashe batir ya sayar. Amma allon na haske, lambobi na gangarowa.

A bayansa, ƙas. Ƙas. Ana jera gyaɗa kan siminti.

"Ɗan Saura." Muryarka ce, har da 'yar dusashewar. "Kar ka kashe. Ban gama ba."

Suma'ila ya ce, "Yaya?"

"Juyo mana. Zo ka zauna."

Wallahi ya so. Ya fara juyawa ke nan, idonsa ya faɗa kan allon. Lambar ƙarshe da huɗu ta ƙare. Ta bayanta da sifiri. Duka masu rabuwa biyu ne ba saura.

Kai kuwa ko zazzaɓi kake, ba ka barin irinsu su wuce.

Ya raɗa, "Da Yayana ne, da ya tsayar."

Gyaɗar ta yi tsit.

Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa.

Ya danna maɓallin kashewa ya riƙe, yana a'uzu. Duhu. Aka cafki rigarsa. Ya bar rigar, ya faɗo tsakar gida.

"Ka kashe?" in ji Inna.

"Na kashe."

Yatsan da ya danna maɓallin da shi har yau bai yi ɗumi ba. Ba tsoro ke cinsa ba, Safiyanu, haushinka yake ji. Da ba ka koya masa ba, da ya juya, ko wane ne. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa Ɗan Saura.

Bai gaya wa kowa ba tukuna.