Ƙasa da Ɗigo

Rana ta faɗi, Inna na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin Auta. Aka leƙa waje, babu yaro ko ɗaya. Wani ya sake faɗowa. Gidan ya yi tsit, kaji suka ƙi shiga akurki.

Auta lissafi take karantawa a jami'a. Tana da ladabi, amma tambayarta ba ta da birki, kuma wannan ba halin kirki ba ne. Ta taɓa zaunar da ubanta, tela, tana yi masa bayani: ɗaki na da tsawo da faɗi da tsayi. A cire tsayi, saura daɓe. A cire faɗi, saura zare. A cire tsawo, saura ɗigo.

"To ai magana ta ƙare," in ji shi.

"Baba, ni abin da ke ƙasa da ɗigon nake so in auna, in ga me ke cikinsa."

"Ki zo dai ki auna min wando," ya ce yana dariya.

Tun daga jifan nan ba a ƙara dariya a gidan ba. A zuba ruwa a randa, sai ya ragu. Gadon da ya shekara a wurinsa ya fara tokare ƙofa, kamar ɗakin ne ke raguwa. Auta ta yi ta ƙanƙancewa, in Inna ta rungume ta sai ta ji kamar zani ta runguma. Asibiti suka ce ba su ga komai ba.

Ran da ta kasa tashi, tela ya ɗauko Malam. Ya zauna daga kanta, ya yi ta karatu har duhu ya fara shiga. Can bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gida."

"Gidan tela ne wannan."

"Nasa na sama. Mu ƙasa da ɗigo, ƙasa da babu muke zaune, ba mu taɓa leƙa ku ba. Ita ta shigo mana da ma'auni har ƙuryar ɗaki. Malam, ka taɓa ganin an auna gidan mutum ba don a ƙwace ba?"

"Wallahi karatu ne kawai!" Inna ta faɗa cikin kuka.

"Duk haka suke cewa."

"Ka ji tsoron Allah ka fita," in ji Malam.

"Zan fita. Amma ba zan bar awon gidana a kanta ba. Ko in tafi da lissafin duka, ko in tafi da ita. Saura kaɗan ta zama ɗigo."

Malam ya ci gaba da karatu har muryarsa ta dushe. Inna na riƙe da hannun Auta, tana ji yana sirancewa cikin tafinta.

"Shekarun da ta yi tana wahala fa…" tela ya fara.

"Ɗauki!" Inna ta katse shi. "Ɗauki, ka bar min 'yata."

Auta ta yi atishawa. Ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Da ta murmure, maƙwabta suka zo barka. Inna ta ce ta kawo musu kofuna. Auta ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi baƙin, ta dubi yatsunta, ta sake duban baƙin.

"Inna, nawa zan kawo?"

Inna ba ta ɗago kai ba.

"Kawo duka, 'yar nan."